Dan Allah wa ya san tarihin jirgin ASKY, kuma me yasa sai an bi ta Lome?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Tambaya ce dani ga waɗanda suka san harkar jirgin sama dan Allah a taimaka. Ina sana'ar shadda ne a Kano, maigidana shine ya saba zuwa Bamako yana ɗauko mana rinanniya, toh yanzu jiki ya fara nauyi sai yace ni zan riƙa zuwa. Naje wajen mai yanka mana tikiti ya duba min sai ya fito da wani kamfani wai shi ASKY, wai zan tashi daga Abuja a sauke ni a Lome ta ƙasar Togo sannan in canza jirgi zuwa Bamako. Ni kuma da na duba taswira a waya naga Bamako tana yamma da Kano ne kusan a layi ɗaya ma, toh meye na gangarawa har bakin teku sannan a sake hawowa arewa, ga kuɗin ba kaɗan ba wlh. Sannan shi kamfanin na waye? Mai tikitin yace na Habasha ne, wani maƙocina a kasuwa yace a'a na ECOWAS ne, wani kuma yace na gwamnatin Togo ne. Ina so in san tun yaushe suke aiki kuma mutum zai iya sakin jiki dasu, dan mahaifiyata tunda taji zancen hankalinta bai kwanta ba. Nagode.

Tsohon Ma'aikaci:

Wa alaikumus salam yaro, Allah ya sa albarka a nema ya ba maigidanka lafiya. Duk mutum ukun da suka baka amsa kowa ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma ba zaka gane zancen ba sai an koma baya kaɗan.

Mu da muka yi zirga-zirga a ƙasashen Faransa shekarun baya Air Afrique muka sani. A watan Maris na 1961 shugabannin ƙasashe 11 suka sa hannu a Yawunde suka ce tunda babu wadda zata iya riƙe kamfanin jirgi ita kaɗai bari a haɗa hannu a yi guda ɗaya, cikinsu akwai Nijar da Chadi da Kamaru da Senegal da Kodebuwa, hedkwata a Abijan, Faransawa ma suna da kaso a ciki. Togo da Mali daga baya suka shigo, Kamaru kuma ta fice a 1971 ta kafa nata, Gabon ma ta bi sahu. A lokacinsa abin alfahari ne ƙwarai, baƙin mutum ne ke tuƙa jirgi daga Yamai har Faransa, daga Dakar har Amurka.

Abinda ya kashe shi kuwa yawan masu shi ne. Kowace ƙasa tana so a ɗauki 'ya'yanta aiki ko da babu gurbi, kowane shugaba yana so jirgi ya sauka a babban birninsa ko da fasinja goma ne, jami'an gwamnati su hau bashi a ƙi biya, in aka ce kowa ya kawo kuɗin tallafi sai a yi ta kallon juna. Sai ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, bashin jirage da kayan gyara da dala ake biya, kudin shiga kuma mafi yawa sefa ne, kaga bashi ya ninka kenan dare ɗaya. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jiragensa huɗu ƙirar Airbus. Zuwa ƙarshe ma'aikata sun haura 4,000 jiragen kuwa basu kai goma ba. Farkon 2002 aka rufe shi. Kuma ba shi kaɗai ba, namu Nigeria Airways ya tsaya a 2003, na Ghana ya biyo baya a 2004, duk ciwo ɗaya ne.

Bayan nan aka shiga wani hali wanda yaran yanzu ba zasu yarda ba, mutum zai tashi daga wata ƙasar yammacin Afirka zuwa maƙociyarta amma hanyar da ta fi sauƙi itace ya bi ta Turai ya dawo. Wannan abin kunyar ne yasa shugabannin ECOWAS da na ƙungiyar ƙasashe masu kashe sefa suka zauna a Janairun 2004 suka ce a kafa sabon kamfani na yanki, amma wannan karon na 'yan kasuwa, gwamnatoci su tsaya a gefe. Wanda ya ɗauki abin a kansa wani dattijo ne ɗan Togo, Gervais Koffi Djondo, kuma ba baƙo bane a irin wannan aiki dan yana cikin waɗanda suka kafa Ecobank a 1985 tare da marigayi Adeyemi Lawson na Najeriya. Shi ya bi masu kuɗi da bankuna yana lallashi shekara da shekaru, aka kammala kafa kamfanin tsakanin 2007 da 2008, bankin raya ƙasa na ECOWAS da BOAD, wato bankin raya yammacin Afirka, da Ecobank suka zuba kuɗi, sannan aka nemo Ethiopian Airlines ta ɗauki kashi 40 cikin ɗari a farko aka kuma bata kwangilar tafiyar da shi ta shekara biyar. Ranar 15 ga Janairu 2010 jirginsu na farko ya tashi.

Batun me yasa Lome, toh duk bankunan nan uku da na lissafa hedkwatarsu a Lome take, shi Djondo ɗan can ne, kuma in ka duba taswirar taka da kyau daga Dakar zuwa Kinshasa zaka ga Lome ta faɗo kusan tsakiya. Ita gwamnatin Togo sai a 2023 ta sayi kaso wajen 14 cikin ɗari akan sefa biliyan 6, lokacin kamfanin ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Hajiya Mai Tikiti:

Baba Allah ya ƙara girma, tarihi kam ka gama shi. Bari ni in ɗora da yadda aikin yake tafiya dan shine abinda muke fama da kwastomomi kullum akai.

Ƙanina ka ɗauka kaman tashar mota ce. In ka tsaya a Abuja kace sai motar da zata Bamako kai tsaye, mutum nawa ne zasu zo a rana? Bazata cika ba, direba kuma bazai ƙona mai dan mutum ashirin ba. Amma in aka ce duk mai zuwa Bamako da Dakar da Konakiri da Banjul da Wagadugu ya hau mota ɗaya zuwa babbar tasha, acan kowa ya rabu, kaga ta cika tun daga Abuja, kuma ta Bamako ma zata cika dan mutanen Legas da Duwala da Libreville da Kinshasa masu zuwa Bamako duk sun haɗu da kai a wajen. Tsarin ASKY kenan gaba ɗaya.

Shiyasa in ka lura da lokutansu kusan kullum iri ɗaya ne, jiragen basa kwana a Lome, a garuruwan ƙarshen layi suke kwana, da safe su taso kowanne daga inda yake su hallara Lome wajen tsakar rana kusan a tare, fasinja su sauka su canza, a juye jakunkuna, zuwa bayan azahar duk sun sake watsewa, filin da ɗazu ba wajen zama sai kaga ya koma shiru. Kuma sau da yawa jirgi ɗaya gari biyu yake yi, misali ya sauka Akra ya ajiye wasu ya ɗauki wasu sannan ya wuce Laberiya ko Saliyo, so ka duba tikitinka da kyau ko akwai tsayawa a hanya kar kaga an sauka ka ɗauka an iso. In tsayawar hanya ce zama zakayi a kujerarka.

Jiragensu yanzu Boeing 737 ne, har da sabon samfurin MAX, da can suna da masu farfela ƙirar Q400 waɗanda kujerunsu basu kai 80 ba suna sa su a gajerun hanyoyi. Gyara da horar da matuƙa yawanci a hannun Ethiopian yake, kuma kamfanin yana cikin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA wadda ba'a shiga sai an tantance kamfani ta fannin kiyaye lafiyar jirgi, dan haka ka kwantar wa Mama da hankali, sauran kuma addu'a ce. A tikiti zakaga lambar jirgin ta fara da KP, toh sune.

Tsada kam akwai, bazan ɓoye maka ba, amma ka karanta takardar da aka baka ƙasa-ƙasa inda aka rarraba kuɗin zakaga kaso mai yawa haraji ne da kuɗin filin jirgi da na tsaro, kowace ƙasa da aka taɓa sai ta yanki nata, kai kuma ƙasa uku zaka taɓa. Ga man jirgi yafi tsada a yankinmu, ga hayar jirgi da inshora duk dala. ECOWAS ɗin ma sun san da matsalar, a taronsu na Disambar 2024 sun amince a soke wasu harajin a kuma rage wasu da kashi 25 cikin ɗari daga farkon 2026, amincewa a takarda daban aiwatarwa daban, mu dai muna sa ido.

Bamaraɗe:

Salamu alaikum yan uwa, ni daga Maraɗi nike. Baba ka yi bayani mai kyau, ina so in ƙara cewa wannan taro na 2004 da ka ambata nan Yamai anka yi shi, kenan mu ma muna da hannu cikin haihuwar kamfanin. Mu nan Nijar tun da Air Afrique ya mutu ba mu sake samun babban jirgi namu ba, akwai Niger Airlines da ya fara cikin 2014 da ƙananan jirage Fokker 50 yana zuwa Damagaram da Agadas da Maraɗi da Diffa, amma hita waje sai da jirgin wasu.

Inda munka san amfanin hanyar Lome sosai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ne. An rufe sararin sama cikin Agusta har farkon Satumba, iyakar Benin ta rufe, Air France ta daina zuwa, da can ɗan kasuwa zai hau kar daga Yamai ya bi ta Gaya da Malanville ya kwana biyu ya ganshi Kwatano ko Lome da kuɗi kaɗan, yanzu kuwa hanyar da ta rage ta Burkina ce kuma kowa ya san halin tsaro can. Togo ba ta juya muna baya ba, kayanmu ta tashar ruwan Lome suke shigowa, to mai kaya a kwantena dole shi je ya gani da idonshi, shi ya sa za ka ga jirgin Yamai zuwa Lome cike da yan kasuwa, da masu zuwa asibiti, da ɗalibai. Biye ɗin, wato tikiti, da tsada ƙwarai, talaka ba ya iyawa, amma da babu shi ban san yadda mutane za su yi ba. Ɗan uwa ka yi tahiyarka, Allah shi kiyaye hanya.

Matashin Zariya:

Ni dai da girmamawa ga Baba da Hajiya amma ina da ja akan wannan yabon. A kira abu da sunansa, wannan reshen Ethiopian ne aka sa masa rigar yammacin Afirka. Jirage ta hannunsu ake samu, gyara a Adis Ababa, shugabannin da suke tafiyar da kamfanin yau da kullum daga can ake turo su ɗaya bayan ɗaya, sannan tun 2016 Ethiopian tana tashi daga Lome kai tsaye zuwa Amurka, waye yake tara mata fasinjan? ASKY ne yake kwaso su daga Abuja da Legas da Akra da Abijan ya zube mata. Toh ribar doguwar tafiya wadda itace mai tsoka ina take zuwa? Shekara sama da goma sha biyar ace har yanzu yankin da yake da mutum sama da miliyan 400 bai iya riƙe kamfaninsa da kansa ba, wannan abin yana min ciwo wlh. Irin tsarin da aka so ayi mana kenan da Nigeria Air inda aka ce Ethiopian zata ɗauki kashi 49, kamfanonin gida suka kai ƙara kotu ta rushe cinikin a 2024. Kuma ba wai duk inda suka sa hannu ake dacewa ba, Chadi ma sun haɗa Tchadia Airlines dasu a 2018, gwamnati 51 su 49, zuwa 2022 an rufe.

Tsohon Ma'aikaci:

Ɗana na Zariya zafin da kake ji nima ina jinsa, kuma maganar ribar doguwar tafiya gaskiya ka faɗa. Amma misalin Chadi da ka kawo ka sake dubansa, abokin haɗin gwiwa ɗaya ne a wuri biyu, ɗaya ya rayu ɗaya ya mutu cikin shekara huɗu, toh bambancin ba daga Habashawa yake ba. A Chadi gwamnati ce mai rinjaye kuma kasuwar ƙasa ɗaya ce ƙarama, a Lome kuwa masu kuɗin 'yan kasuwa ne da bankuna masu son ganin lissafi, kuma kasuwar ƙasashe sama da ashirin aka haɗa. Babu ministan da zai buga waya yace a riƙe jirgi sai ya gama taro, ni na ga zamanin da ake yin haka da idona, fasinja cike da jirgi ana jiran mutum ɗaya.

Sannan ka tuna jarabawar da suka sha. A Yulin 2014 Patrick Sawyer, wanda ya shigo da Ebola Najeriya, a jirginsu ya zo daga Monrovia ta Lome ya sauka Legas ranar 20 ga wata, shine wanda marigayiya Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti har ita ma ta rasa ranta, Allah ya saka mata. Hukumar jiragen sama ta Najeriya ta dakatar dasu na wani lokaci, su ma suka daina zuwa Laberiya da Saliyo, ga kasuwar yankin gaba ɗaya ta faɗi. Duk da haka a shekarar da ta biyo baya, 2015, suka fara cin riba. Korona ma ta zo ta wuce suna nan. Ka lissafa kamfanoni nawa aka buɗe aka rufe a Najeriya kaɗai daga 2010 zuwa yau.

Ni abinda zan so shine a matsa musu akan horar da 'ya'yanmu, matuƙa da injiniyoyi da masu lissafi, har ranar da ɗan Togo ko ɗan Nijar ko ɗan Najeriya zai zauna a kujerar shugaba dan ya cancanta. Ita kanta Ethiopian ɗin ai haka ta fara, kamfanin TWA na Amurka ne ya riƙe mata hannu tun 1945 kusan shekara talatin kafin 'yan ƙasa su karɓa gaba ɗaya. Ga ku nan da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964, mutanen akwai su.

Ɗan Kwari:

Kai masha Allah, Allah ya saka da alheri Baba, Hajiya nagode sosai, yanzu na gane. Saura abu ɗaya, me zai hana su zo Kano? Mu da yawa ne fa masu zuwa Bamako da Kwatano da Lome da Dakar daga Kwari da Wambai da Singa, kowa sai ya fara biyan kuɗin zuwa Abuja ko Legas ya kwana a otal dan jirgin safe. Kuma Hajiya tunda Mali ta fita daga ECOWAS sai na nemi biza kenan?

Hajiya Mai Tikiti:

Batun Kano ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A Najeriya Legas da Abuja suke sauka, kuma ba su kaɗai ne basa zuwa Kano ba, filin Malam Aminu Kano da ya fi kowanne daɗewa a ƙasar nan, wanda da jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka suke yada zango, KLM ta ƙasar Holland ma ta daɗe tana zuwa kafin ta janye a 2012, yau in ka cire hanyar Saudiyya da Masar da Habasha da 'yan kaɗan sai kaga babu komai ta ɓangaren yamma. Kamfani lissafi yake, yana so yaga kujera ta cika kullum har da na gaba masu tsada waɗanda ma'aikatan bankuna da ƙungiyoyi suke hawa, su kuma a Abuja da Legas suke. Mutanenmu 'yan kasuwa ne, da yawa sun fi son mota dan su taho da kayansu, waɗanda suke hawa jirgin kuma a Abuja ake ƙirga su ba'a san daga Kano suka fito ba. Sannan sai gwamnati ta bada izinin ƙarin gari a yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu. Inaga in ƙungiyoyin kasuwa da masu yankan tikiti na Kano suka haɗa alƙaluman mutanensu suka kai wa kamfanonin, ko sau uku a sati ne za'a iya gwadawa, dan Air Côte d'Ivoire da Air Peace ma suna neman irin wannan kasuwar.

Biza kuma, Mali da Nijar da Burkina sun fita a Janairun 2025 amma ɓangarorin biyu duk sun sanar cewa a cigaba da shiga da fita ba biza, so fasfonka ya isa, sai dai ka sake tambaya satin da zaka tashi dan irin wannan abin yana canzawa. Katin rigakafin shawara kar ka manta shi, a Lome ma ana iya tambaya. Jakarka a Abuja kace a sa mata tambarin Bamako kai tsaye ka duba da idonka an rubuta BKO, ka riƙe ɗan guntun takardar. Dawowa ne ma abin lura, shadda nauyi gareta, ka auna tun a masauki, in ta wuce kilo da aka baka gara ka tura sauran ta kago dan kuɗin ƙarin kaya a kanta yana iya cinye ribar.

Ɗan Zongo Lome:

Salam. Ni a Agoè Zongo nake zaune. In tiransit ɗinka na awa biyu ne ko uku kar ka fita, ginin filin sabo ne tun 2016 kuma ba shi da girma, daga saukowa zuwa ƙofar jirgi na biyu ba nisa, ka bi layin binciken kaya kawai ka saurari sanarwa, da Faransanci da Turanci suke yi. Ka canza ɗan kuɗi zuwa sefa tun daga gida, sefar Togo ita ce ta Mali, naira ba kowa zai karɓa ba. In kuma wata rana ka samu kwana a nan, filin a cikin gari yake, kasuwar gwanjo ta Hédzranawoé tana kusa da shi, babbar kasuwar atamfa kuma tana bakin teku, Hausawa da Zabarmawa da yawa a duka biyun, ka yi sallama da Hausa za a amsa maka a nuna maka masauki da masallaci.